Habu Mai Wayarin da Motar da Take Zubar da Ruwa

Habu ɗan asalin Madachi ne, amma a bakin tashar Rano aka san shi, inda ya kafa rumfar gyaran wayarin ɗin mota bayan ya koyo sana'ar a Kano. Mutum ne marar yawan magana, wanda ba ya cewa ya gane matsala sai kwan gwajinsa ya kama. Matarsa Huseina Bafulatanar Lausu ce, tana da yayye biyu, Alhaji Bello dillalin shanu da ƙanensa Manu.

A daminar da ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a a Kano, Alhaji Bello ya sayo mota 'yar Beljiyam. Ba a jima ba ta soma wani abu: da sassafe, tana kulle babu kowa ciki, sai a ji gurnani, ruwa ya tsarto wa fitilun gaba, ya gangaro kamar hawaye. Alhaji ya sa aka yi mata ruƙiyya, ba ta daina ba. Daga nan ya furta a gaban dangi cewa Manu ne ya yi masa sammu, saboda saɓaninsu a kan gonar gado. Manu ya rantse, ya daina taka gidan. Huseina ta rasa gidan da za ta shiga, ta rame.

Wannan ne ya sa Habu ya rufe rumfa ya tafi Lausu bayan sallar asuba, ba a kira shi ba. Ya tarar da motar a rumfar da ake jibge buhunan gyaɗa. Ya duba bayan bamba, ya ga ɗan famfon da Turawa suka sa domin wanke fitila. Ya duba fis ɗin famfon, lafiya lau. Ya ɗora kwan gwaji a kan wayar famfon, ya ga wuta na zuwa tana ɗaukewa alhali makulli na aljihun mai mota. Ya bi wayar da yatsa har ƙarƙashin tankin ruwa, nan ya zaro sheƙar ɓera, jiƙe da raɓa, da wayoyi biyu da aka gwaguye rigarsu.

"Yaya Alhaji, zo ka gani da idonka," in ji shi. Ya haɗa wayoyin, ruwa ya tsarto. Ya raba su, ruwan ya tsaya. "Laima ce ke haɗa su da safe. Rana ta yi, su bushe."

Alhaji ya durƙusa ya duba, ya daɗe. Habu yana jiran ya ji istigfari.

"Na gani, Habu. To, wa ya turo ɓeran?"

"Gyaɗarka ce ta kira shi, Alhaji. Ka ji tsoron Allah, zato zunubi ne, balle a kan ɗan uwa."

"Kai dai naɗe wayarka. Maganar gidanmu ba ta wayarin ba ce."

Habu ya naɗe, ya gwada, motar ba ta sake zubar da ruwa ba. Ya yanko guntun wayar da aka gwaguya ya kai wa Manu, ko zai huce. Manu ya juya ta a tafin hannu, ya mayar masa.

"Ni ai na san ban yi ba. Shi ya kamata ya kawo mini."

Da ya koma gida, Huseina ta tare shi a zaure, mayafi a hannu, tana shirin tafiya Lausu.

"An gyara?"

"Motar dai an gyara," in ji Habu.

Ta dube shi, ta ninke mayafin, ta koma ciki.