Rediyon da Ya Watsa Taron Suna

Ni dai ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma Allah ya jarrabce ni da son taɓa abin da ba a aike ni ba. Shekarar da aka gama yaƙin Kuwaiti na tsinci wani ɗan rediyo baƙi mai dogon eriya a haraj, kasuwar tsofaffin kaya ta wajen Khumra. Ba ya kiɗa, ba ya labarai. Lambobi ne ke ta gudu a fuskarsa, in ya kama murya sai ya tsaya cak. Mai sayarwa ya raɗa mini cewa har maganar hukuma yake kamawa, in ɓoye shi. Na cusa shi cikin buhun shinkafa na kawo shi unguwarmu Waziriyya, a nan Jidda.

A lokacin rabin layinmu ba mai iƙama, wato takardar izinin zama. Umra muka zo, muka zauna. Abin tsoronmu ɗaya ne, jawazat, masu kama mutum su tura shi gida da rigar wuyansa.

Na daɗe ina jin shuuu kawai, sai wani lokaci matuƙan jirgi da Turancinsu. Rannan na faɗa kan wani mai kakkausar murya yana ba da umarni: "Ammariyya, mota biyu, yalla! Khumra, halas?" Larabcina na kasuwa ne, nawa da rage mini. Amma na ji sunan unguwa, na ji mota, na ji tsawa. Na ce wa kaina, to, ga babban jawazat.

Daga nan duk sanda ya ambaci Waziriyya sai in zaga in gaya wa teloli da mata masu sayar da yaji a bakin titi. Kowa ya shige gida. In an fito ba a kama kowa ba, sai a yi ta sa mini albarka. Har tafiyata ta canza.

Matata ce kawai ba ta yarda ba. Ta ce, "Malam, kai da likita ke maka bayani sai an nemo tafinta, yaushe ka fara jin yaren hukuma?"

Na ce, "Ke dai ki ji da tukunyarki."

Akwai maƙwabcina mai facin taya, ya shekara da shekaru yana neman haihuwa, sai Allah ya ba shi ɗa namiji. Ranar suna da hantsi an shimfiɗa tabarmi, ga dabino ga goro, rago na ɗaure, liman ya gyara zama. Ni kuwa rediyo na cikin aljihu, na zuro wayarsa ta wuyan riga zuwa kunne. Sai na ji mutumina ya kira Waziriyya, ya kira gidan burodin da ke kan kwanarmu, yana ta faɗa a yi sauri.

Na miƙe na ce, "Jama'a, sun taho!"

Ban taɓa ganin dattawa da gudu irin na ranar ba. Takalma kawai aka bari. Muka rage ni da uban jariri da ƙanen matarsa, direban tasi haifaffen Jidda, wanda takardunsa ke cike.

Can sai ga wata tanka ruwan ɗorawa ta shawo kwana. Warinta ya riga ta isowa. Ta tsaya a gidan da ke jikin gidan burodi, aka fara jan tiyo.

Direban ya zare wayar daga kunnena ya saurara kaɗan. Ya ce, "Ya ammi, haram alaik! Wannan ofishin masu kwashe masai ne. Wallahi tun yaushe kake jin su?"

Wata da watanni ke nan ina rufe wa mutane sana'a saboda masai ya cika a wani gida.

Uban jariri bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce, "Alhaji, tunda kai ka kore su, kai za ka dawo mini da su. Yaron nan ba zai kwana ba suna ba."

Haka na bi gida gida ina bugun ƙofa. Daga ciki a ce, "Sun tafi?" Ƙofar farko na ce sun tafi, don bakina ya ƙi ɗaukar gaskiyar. Sai direban nan da ya biyo ni ya ɗaga murya: "Ba su zo ba ma, ya jama'a! Motar kashi ce!" Daga nan na riƙa faɗa da kaina, ya fi sauƙi.

Liman a saman bene muka same shi, bayan tankin ruwa. Sai da na rantse masa sannan ya sauko, yana karkaɗe riga, bai ko dube ni ba.

Bayan azahar aka raɗa sunan, mutane na toshe hanci da rawani. Na zauna can baya wajen takalma. Da aka kawo nama, uban yaron ya tsallako tabarmi ya ajiye mini nawa da hannunsa, ya ce, "Ci, Alhaji, ka sha yawo." Na sunkuyar da kai na ci.