Kilishin da Na Bari a Parkchester

Shekarar da na gama digiri na biyu, wurin aikina suka tura ni wani taro na kwana uku a Brussels. Mutum biyu kawai na gaya wa, amma kafin Juma'a labarin ya kai shagon wani Alhaji ɗan Nijar a Parkchester, unguwar da nake zaune a ƙasar waje, wanda nake sayen gero da yaji a wurinsa. Ya ajiye min ƙunshi a kan kanta, an naɗe shi da leda da salatif.

"Malam, sallahu ne. Ƙanwata tana Luxembourg."

Na ce masa ai Brussels zan je, tana wata ƙasa daban.

"Ba duk Turai ba ce? Ka hau jirgin ƙasa mana."

Sallahu ba a ƙin karɓa, kuma ba a buɗewa. Na san wannan tun ina yaro. Amma na kuma san a filin jirgi ana tambaya ko kai ka haɗa kayanka, ni kuwa ban iya ƙarya ba, fuskata ce ke tona ni. Da na koma ɗaki na yanke salatif ɗin. Atamfa ce turmi biyu, da turaren wuta, da kilishi a cikin takarda mai maiƙo. Na karanta dokar shiga da nama Turai sau uku, wataƙila huɗu. Daga ƙarshe na sa kilishin a firji, na sake naɗe sauran. Na yi niyyar gaya wa Alhaji, ban dai samu yadda zan fara ba.

Ranar Asabar, bayan an gama taro, na yanki tikitin jirgin ƙasan Luxembourg na ƙarshen mako, wanda ya fi araha, zuwa da dawowa a rana ɗaya. Na tafi da burodi da dafaffen ƙwai daga karin kumallon otal. Tafiyar ta ɗauki wajen awa uku. Abin da na riƙe daga hanya kaɗan ne: shanu, dazuzzuka, da mai duba tikiti da na miƙa wa fasfo bai tambaya ba. Ƙunshin yana kan cinyata har muka isa.

Garin ƙarami ne. Ina jin a ƙafa ma za a iya zagaye tsakiyarsa kafin la'asar. Na tsaya a kan wata doguwar gada na leƙa kwarin da ke ƙasa, na ci ƙwaina, sannan na koma wajen tasha, inda ƙanwar Alhaji take kitso a wani shago.

Ta tarbe ni da fara'a, ta ba ni kujera da shayi. Ta yage ledar, ta ɗaga atamfa, ta sunsuna turaren, sai ta girgiza ledar.

"Ɗan'uwa, ina kilishin? Yaya ya ce na wajen Inna ne, daga gida aka kawo masa, ya raba biyu."

Na yi mata bayanin dokar, da tsawo fiye da yadda ya kamata. Matar da ake wa kitso ta juyo ta dube ni.

"To duwan ɗin sun buɗe jakarka?" in ji ƙanwar. Kwastan take nufi.

Na ce a'a, ko kallona ba su yi ba.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce shekara huɗu rabonta da kilishin garinsu, ta ci gaba da kitsonta. Da zan tafi ta haɗa wa yayanta nata sallahun, cakulan da man shafawa, tana ɗaga kowanne a gabana. "Duba da kyau, babu nama."

Na kama jirgin yamma. Bayan kwana biyu na kai wa Alhaji saƙonsa, haɗe da kilishin, wanda ban taɓa ba. Saƙon muryar ƙanwarsa ya riga ni isowa.

"Duwan ya dawo!" ya faɗa wa mutanen shagon. "Ku ɓoye kayanku."

Ya yagi kilishin ya miƙo min, na karɓa. Sunan ya bi ni har masallaci. Na yi tafiya sau biyu bayan wannan, ɗaya ma har gida, kuma babu wanda ya kawo min ko da ambulan. Jakata ba ta da nauyi yanzu, ban dai tabbata ko daɗin hakan nake ji ba.