Talabijin Mara Rimot a Gadon Sha'aban

Duk wanda ya taɓa sayen talabijin ta hannu a unguwar Aboabo ta Kumasi, in dai ba baƙo ba ne, ya san shagon Garuba. Ɗan matsattsen shago ne a gefen masallacin layinsu, da benci biyu a ƙofa inda ake dafa shayin ataya ana warware duniya. Mahaifinsa daga Tawa ta Nijar ya zo Kumasi da fataucin goro, ya zauna, ya yi aure, bai sake komawa ba sai don gaisuwar mutuwa. Garuba kuwa goro bai taɓa burge shi ba. Tun yana saurayi ya maƙale wa wani mai gyaran rediyo a Ashanti New Town, daga rediyo ya koma kaset, daga kaset ya faɗa talabijin. Ya gan ta tana baƙi da fari, ya gan ta ta yi kala da ƙaton doro a baya, ya gan ta ta siranta har ana rataye ta a bango. Duk ya saya, duk ya sayar.

Kada ka ɗauka ya yi kuɗi. Ina! Har yau a gidan haya yake, kuma babur ɗinsa sai an tura yake tashi. Abin da ya tara a shekarun nan suna ne, kuma yana ji da shi fiye da yadda wasu ke ji da gidan sama. Idan aka kawo masa kaya zai dubi girmansu, ya karanta sunan kamfani, ya kunna ya ga ko suna kama tasha, ya juya rimot ya tabbatar na asali ne, ya ƙwanƙwasa baya ya kasa kunne. Daga nan sai ya faɗi kuɗi, kuma abin da ya faɗa ya zauna. Shi ya sa in za a raba gado a unguwa malamai shi suke aika wa, ya zo ya yi wa kayan wuta kuɗi, don kowa ya yarda Garuba ba ya ƙara wa mai ƙarfi, ba ya rage wa maraya. Ka ce masa matsiyaci ya yi dariya, amma ka kuskura ka ce ya ci amana, ranar sai an riƙe shi.

Yara da dama sun koyi aiki a hannunsa, amma babu wanda ya shiga ransa kamar Abdul-Hakim. Uwarsa ce ta kawo shi bayan rasuwar ubansa, ya girma a shagon, a kwano ɗaya suke cin waken rana. Garuba ne ya yaye shi, shi ya tsaya masa a wurin aure, shi ya raɗa wa ɗansa na fari suna. Yanzu Abdul-Hakim magidanci ne, yana da shagon wayoyi da kwamfuta a Adum, tsakiyar kasuwancin gari, da gilashi da fanka mai sanyi, amma duk inda ya ga Garuba sai ya rusuna ya ce Masta. Garuba kan nuna shi da alfahari ya ce wannan ɗana ne, idona ne a kan kayan zamani.

Ana haka sai Allah ya yi wa ƙaninsa Sha'aban rasuwa a Jamus, inda ya daɗe yana aikin ɗaukar kaya a wani sito. Ciwo ne na ɗan lokaci. Ya bar matarsa Ruwaida da yara uku a Aboabo, babbarsu ko sakandare ba ta gama ba. 'Yan Zongo, mutanen unguwannin Hausawa, da ke can suka yi abin da suka saba, suka tattara duk abin da ke ɗakinsa suka sako a kwantena. Ruwaida ta riga ta fita takaba kafin kayan su iso. Aka jibge su a tsakar gida, aka kira Malam Abdul-Kudus, limamin layin, ya zo ya raba, shi kuma ya ce a kira Garuba. Wa ya fi shi cancanta? Kayan ƙaninsa ne, marayun kuma nasa ne.

Firji, injin wanki, abin ɗumama abinci, duk ya yi musu kuɗi ba tare da ya tsaya tunani ba. Sai aka zaro wani abu daga cikin barguna. Kamar talabijin, amma doguwa ce a kwance, siririya, ta kusa kai tsawon hannuwa biyu a buɗe, kuma a lanƙwashe take kamar bayan ƙwarya. Garuba ya zagaya ta. Ya nemi rimot, babu. Ya nemi inda ake sa eriya, babu. Aka jona wuta ta kawo haske, ta rubuta wani abu, ta koma baƙi. Ko tasha ɗaya ba ta kama ba, ko ƙara ba ta yi ba.

Nan take ya yanke hukunci a ransa. Ya sha ganin roba ta narke a kwantena, ya san zafin da ke cikin ƙarfen nan a kan teku. Ya juya ya gaya wa Malam da mutanen da ke zaune cewa zafi ne ya lanƙwasa ta, kuma ga alama ya taɓa mata ciki. Duk da haka wani abu ya tsaya masa a rai, don bai taɓa ganin irinta ba, kuma haƙƙin maraya ba abin wasa ba ne. Sai ya ɗauki waya ya kira Abdul-Hakim, ya ce ya bar abin da yake yi ya zo.

Ya zo kuwa, da gaggawa, ya yi gaisuwa, ya yi addu'a ga mamaci. Ya tsuguna a bayan abin ya daɗe yana karanta ɗan rubutun da ke jiki. Garuba ya maimaita masa abin da ya gaya wa jama'a, ya tambaye shi ko yana ganin wani abu daban.

"Yadda ka faɗa ne, Masta," in ji Abdul-Hakim. "Ta ji jiki."

Ya ƙara da cewa a kasuwa ba wanda zai kalle ta, amma saboda yaran zai ɗauka ko zai cire wani abu a ciki ya yi gyara da shi. Ya taya kuɗin ƙaramar talabijin ta ɗakin gwauro, har ya ɗan ɗora a kai, aka yi ta sa masa albarka. Garuba ya ce ya sallama. Malam ya ja Fatiha aka shafa. Sauran kayan da ba a sayar ba aka kai shagon Garuba, ya riƙa sayarwa a hankali yana kai wa Ruwaida kuɗin.

Ba a fi wata guda ba wani saurayi Ba'asante ya tsaya da mota a ƙofar shagon, ana tsakiyar ataya bayan la'asar. Ya ce an gaya masa a nan aka samo monitar da ya saya a Adum, yana son wata don abokinsa. Garuba bai gane ba sai da ya nuna masa hoto a waya. Ita ce, a kan tebur, tana ƙyalli, wata motar tsere tana gudu daga wannan gefe zuwa wancan. Saurayin ya yi ta zuba cikin Twi da Turanci, shi a dole ya samu wanda zai yi wa bayani. Ba talabijin ba ce, allon kwamfuta ne na masu buga gem, wato wasannin kwamfuta, kuma da gangan kamfani ya lanƙwasa shi don ya zagaye idon mai wasa. Ba ya buƙatar rimot. Irin wannan faɗin da wannan saurin hoton, a cewarsa, sai an yi oda, kuma ko na hannu ne ba ya faɗuwa. Sai ya faɗi abin da ya biya, yana murna ya samu da araha. Kuɗin sabon babur ne har da canji.

Mai zuba ataya ya tsaya da buta a hannu. Abin ya daki Garuba, ba don kuskurensa ba, wannan zai iya haɗiye shi, mutum ba ya sanin komai. Abin da ya ƙona shi shi ne tsugunon nan da Abdul-Hakim ya yi yana karanta rubutun. Wallahi ya sani. Tun a lokacin ya sani.

Washegari da hantsi ya hau tirotiro, ƙaramar motar haya, ya tafi Adum. Abdul-Hakim ya tashi da sauri, ya ba shi kujerarsa, ya aika a kawo ruwan sanyi. Garuba bai zauna ba, bai sha ba. Ya tambaye shi ko ya san abin da ya saya ranar nan. Mutumin bai musa ba, bai ma sunkuyar da kai ba.

"Masta, kai ka ce zafi ne, a gaban Malam da jama'a. Ni ne zan ƙaryata ka a cikin mutane? Ba haka ka rene ni ba."

"Don ka ƙaryata ni na kira ka," in ji Garuba. "'Ya'yan Sha'aban ne fa."

Abdul-Hakim ya ce ai ciniki ya faɗa, an sallama, an shafa Fatiha, kuma shi Masta ne ya koya masa cewa bayan sallama ba a dawowa. Ya ce kuɗin ma sun shige cikin kaya, amma in an yi haƙuri da salla zai ɗinka wa yaran tufafi. Tufafi! Garuba ya dube shi, ya nemi yaron da ya sani a fuskar ya rasa. Ya fita ko sallama bai yi ba.

Daga nan gidan Ruwaida ya nufa, yana ta shirya yadda zai gaya mata. Ashe labari ya riga shi, kuma a hanya ya canza kama. Abin da ake faɗa a layi shi ne maigida da yaronsa sun haɗa baki, ɗaya ya kushe kaya ɗaya ya saye. In ba haka ba, ta yaya Garuba, Garuba guda, zai kasa gane kayan wuta? Sunan da ya tara shi ya zama shaida a kansa.

Ya same ta tana wanke tukunyar kokon da take sayarwa da safe. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta gaishe shi yadda ya kamata, ta saurare shi har ya gama rantsuwarsa.

"Yaya, ni ban ce ka ci ba," ta ce. "Amma kai ka kawo shi, kai ka sallama. Ban san wanda zan yarda da shi ba yanzu. Musah zai zo anjima ya kwashe sauran kayan."

Musah yayanta ne, makanike a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota, mutumin da Garuba ya taɓa sayar wa rediyo bashi lokacin Musah yana ɗan koyo. Bayan azahar ya iso da keken ɗaukar kaya. Benci cike yake, amma kowa ya sa ido a kofinsa. Garuba da kansa ya riƙa fito da kwalayen yana ajiyewa a ƙofa. Musah bai ɗora ko ɗaya a keke ba sai da ya yanke igiya, ya buɗe, ya zura hannu har ƙasa ya tabbatar kayan suna ciki, Garuba yana tsaye yana riƙe da na gaba.