Bakina Ne Ya Raba Aminiyata Da Faifanta

Edita, ina yi muku sallama, ku da masu karatu. Ku yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba. A lokacin da abin nan ya faru ni mace ce mai zaman gida a Azare, ko kasuwa ban cika zuwa ba, amma tsakar gidana ba ya rabuwa da mata. Ina da surutu, wannan ban musa ba, ina kuma da kunne, magana in ta shiga ba ta fita. Duk kaka, idan riɗi ya fara shigowa daga Gadau da Sakwa, masu sito sukan aiko mini in haɗa musu mata masu tsinta da bakace. Wadda na ce tana da amana, an ɗauke ta ke nan, ba a sake tambaya.

Cikin matan akwai aminiyata, 'yar Bulkachuwa, mun fi shekara talatin tare. Mijinta ya rasu, da faifan nan take ci take sha. Tun muna amare muke tsokanar juna, ina ce mata ƙauyus, ita kuma tana ce mini gidan rediyo mai kwana da labari. Shekaru uku kafin nan yanar ido ta fara rufe mata gani. Ba wanda ya sani sai ni da mata biyu. Kullum nakan sa a zaunar da ita kusa da wata mai ƙuruciya, in ta gama faifai waccan ta sake bi a hankali ta tsince ragowar tsakuwa. Riɗinta yana fita tsaf, ba mai sito da ya taɓa ƙorafi.

Sai ɗan ƙanena ya dawo daga bautar ƙasa, wanda ni na goye shi lokacin da uwarsa ta yi jinya. Ya zo ya durƙusa, Goggo sama Goggo ƙasa, ya ce yana so ya kafa kamfani da zai riƙa haɗa masu neman aiki da masu ɗauka ta waya, amma sai ya fara bincike tukuna. Ya ce abin da yake son yi da manhaja, ni na daɗe ina yinsa da baki, saboda haka ni ce jami'arsa. Na yi dariya na ce jami'a mai aji huɗu, amma Allah Ya sani kaina ya kumbura. Ya rantse mini cewa don ya fahimci yadda harkar take ne kawai, babu abin da zai fita daga ɗakin nan.

Kusan wata guda yana zuwa da hantsi, in dama masa kunu, ya ajiye waya a kan tabarma, yana tambaya ina zuba. Wace ce mai sauri, wace ce mai nawa, wa ke makara, me ke sa mace ta daina zuwa. Na gaya masa mai makarar nan goyonta ne ba lafiya. Na gaya masa mai nawar nan tana da ƙaramin ciki. Mu a wajenmu, in ka san raunin mutum, don ka san inda za ka tare masa ne. Da wannan zuciyar na ba shi labarin aminiyata, har ina alfahari da dabararmu. Na ce masa ita yanzu da yatsa take gani, ba da ido ba. Ya girgiza kai ya ce Allah sarki, ya rubuta wani abu.

Da kaka ta zo, Alhajin da muka fi yi wa aiki bai aiko a haɗa masa mata kamar kullum ba. Sai ya aiko matarsa da sunaye a waya, wai waɗannan yake so. Tana karantawa ina lissafawa a raina, babu mai goyo, babu mai ciki, babu aminiyata. Na ce Hajiya, ko an yi mantuwa ne? Ta dube ni da mamaki ta ce ai ni na tantance su. Ta nuna mini wani jeri, kowace mace da taurari a gaban sunanta, wata biyar, wata biyu, a sama kuma an rubuta cewa bisa shaidata ne. Na ce ta karanta mini na aminiyata. Tauraro ɗaya, a ƙasa an sa cewa da yatsa take gani, ba da ido ba. Edita, ko cikin barci aka tashe ni na san maganata. Ashe ɗan ƙanena ne ya bi sito-sito yana nuna jerin a matsayin samfur, don masu riɗi su ga amfanin kamfaninsa su shiga.

Na sa aka kira shi. Ko a jikinsa. Ya ce Goggo ai ba ƙarya kika yi ba, kuma mai kuɗi yana da haƙƙin sanin wanda zai ɗauka. Ya ce gwaji ne kawai, in kamfani ya tsaya kowa zai amfana. Na tambaye shi mai tauraro ɗaya me za ta ci kafin kamfani ya tsaya, sai ya sunkuyar da kai yana danna waya. Na yafa mayafi, ni da ba na fita, na je sito uku da ƙafata ina roƙo. Wani mutumin Kudu da ya daɗe a garin nan yana sayen riɗi ya ce Mama, shekara nawa yana ɗaukar maganata, yanzu wacce zai ɗauka, ta bakin ko ta wayar? Na juya na kamo hanyar gida.

Aminiyata ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na ji sauƙi. Ta zo da la'asar, ta tsaya daga bakin ƙofa, ta miƙo mini faifan da na saya mata. Na ce ƙauyus ki shigo mana. Ta ce a'a, ta zo ne ta yi wa gidan rediyo murna, tunda yanzu har masu sito na kama tashar. Ta ce ciwon ido daga Allah ne, ta karɓa, amma ta ɗauka asirinta yana hannun da ba ya yoyo. Bayan sati biyu ta koma wajen ɗan'uwanta a Bulkachuwa. Na aika sau uku, na je sau ɗaya, ta karɓe ni da mutunci irin na baƙuwa, ta kira ni Hajiya. Kamfanin kuwa ko tashi bai yi ba, ɗan ƙanena ya samu aikin ofis a Bauchi, har yau bai ce mini yi haƙuri ba.

Ya ci amanata, amma na daɗe da gane cewa abin da na ba shi ba nawa ba ne, ajiya ce. Ban tambayi ko mace ɗaya ba kafin in buɗe baki. 'Yan'uwa mata, musamman mu da ake zuwa gidajenmu a sauke damuwa, in an zo muku da waya ana cewa bincike ne, ko ɗan cikinku ne, ku tambaya wa zai gani, kuma me zai yi da shi. Labarinku ku bayar in kun so, na wani kuwa sai da izininsa. Faifan yana nan rataye a bangon ɗakina. Mata har yanzu suna shigowa mu gaisa, amma da na shimfiɗa tabarma sai su ce sauri suke yi.