Man da Moto Ya Sha

'Yar farina tana da wata uku ƙuraje suka feso mata a wuya da bayan kunne, ƙanana, ja wur. Bazara ce, irin zafin Gaya da ke sa mutum ya ji haushin rigarsa. Ni kuwa uwa ce ta ƙwarai: hular ulu, safa, tawul biyu, ga pomadi kala uku na kasuwar Malanbil. Ban iya karanta rubutun jikinsu ba, amma dai jaririn da ke hoton yana dariya. Ina ƙara shafawa, ƙurajen suna ƙara samun 'yan uwa. Kowace safiya sai na ƙirga su, in na ɓata lissafi in koma farko ina hawaye.

Iya, tsohuwar da muke katanga ɗaya, 'yar Tunuga ce mai banda kifi. Ta ɗaga haɓar yarinyar, ta kalli hular, ta kalle ni. Ta ce in samo ganyen dogon yaro da na daɗɗoya, in shanya a inuwa su bushe ƙayau, domin ɗanyen ganye ruɓar da mai yake. In zuba a kwalba, in cika da man gyaɗa, ya sha rana kwana shida, in tace, ya ƙara kwana ɗaya. Amma da sharaɗi: kafin man ya nuna, ba pomadi, ba hula, ba safa, sai wanka da ruwa zalla, in ba haka ba maganin ba zai kama jiki ba. Na ji tsoron sharaɗin fiye da ciwon, amma na bi.

Tsakar gidanmu duk inuwar mangwaro ce, sai na ɗora kwalbar a kan kujera a ƙofar gida. Na manta a garin nan kwalba a kan kujera a bakin hanya ma'anarta ɗaya ce: esansi, wato fetur, na sayarwa. 'Yan kabu-kabu masu moto, wato babur, suka riƙa cin birki suna sallama. Na gaji da bayani, har wani ya ce shi ma motonsa ƙuraje gare shi.

Ran na shida na tace. Ya fito garau, tsakanin kore da ruwan ɗorawa, na mayar da shi kan kujera. Washegari da hantsi na tarar da kwalba wayam. Ga maigida can yana turo motonsa, hayaƙi na bin sa, unguwa ta gauraye da ƙamshin suya mai ɗaci. Shi ma kabu-kabu yake yi. Sauri yake, mai ya ƙare masa, ya ga rabo a ƙofar gidansa.

"Ke ce kika ce kin ajiye mai a waje!"

"Malam, a duniyar nan mai ɗaya ne?"

Na zauna a ƙasa ina kuka, kwana bakwai sun tafi a tanki. Iya ta shigo da warin hayaƙinta, ta saurari ƙarar. Ta karɓi yarinyar ta ɗaga haɓarta. Wuya sumul, sai ɗan ɓawo da ke zuba. Ashe tun ran na uku kwalba nake gadi, na daina ƙirga.

"To Iya, ai ko ɗigo ba ta samu ba."

"'Yar nan, da na ce ki cire mata hula kawai, za ki cire?"

Makaniki ya wuni yana wanke tanki. Matan unguwa kuwa suka ji labarin mai ya yi aiki, har yau suna zuwa neman yadda ake haɗa shi. Nakan faɗa musu duka, ganye da kwanaki, in fi jaddada sharaɗin. Hular tana ƙasan akwati. In iska ta ɗan kaɗa, hannuna yakan kai kan murfin, sai in leƙa ta katanga in ga ko Iya tana nan.