Ƙugiyar Sunan Baba

Yayata Asiya malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Mayahi, kuma tun muna yara ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. Mahaifinmu Ishaƙu makiyayi ne a wajen Urafan. A duk takardunmu na hukuma "Issaka" aka rubuta. Ni ban taɓa damuwa ba, ita kuwa duk sanda ta gani sai ta ja tsaki.

Bara ta sayi 'yar ordinatar ta hannu, wato kwamfuta, sakayau kamar faifai, sai dai kafin ta gama buɗewa an dama fura an shanye. Lamine, mai gyara a Tasawa, ya ce tsarin Linux ne maganinta, ta kawo ya sa mata. Asiya ta ce ita ma tana da hannu, kile kawai zai ara mata, ɗan filashin da Linux ɗin ke ciki.

Ta kuwa sa da kanta. Ta goge tsohon tsarin, ta zaɓi Faransanci, ta ƙara girman rubutu saboda idonta, ta ɗora hoton shanunmu a fuskar allon. Abin da ya fi faranta mata rai shi ne samun haruffan Hausa masu ƙugiya. Yini guda tana buga ƙ da ɗ kamar sabuwar ɗaliba.

Daga nan ta kwashe abin da ke tsohuwar wayarta, wadda ke gab da mutuwa, ta zuba a ciki. Har da muryar Baba yana kiran shanu, da ta ɗauka kafin rasuwarsa. Ba mu da ita a ko'ina sai nan, don wayar ba ta ƙara tashi ba. Sai ta sauya kalmar sirri zuwa sunansa, da ƙugiyarsa.

Washegari ordinatar ta ƙi buɗewa. Wurin shiga haruffan Faransanci kawai ya sani, na Hausa sai an shiga ciki. Ta buga Ishaku, ta buga Issaka tana cije leɓe, duk a banza. Ban taɓa ganin Asiya ta tsorata haka ba. Amma hakan bai hana ni yi mata tsiya har Tasawa ba.

Lamine ya tayar da ordinatar ta kilensa, ya leƙa.

"Madam, kwantar da hankalinki, muryar tana nan. In sa miki Issaka mu huta? Ko'ina yana shiga."

"Aradu ba ka sa shi," in ji ta. "Ƙohwar za ka koya ma sunan."

Ya yi gunaguni, ya ce aikin ya fi tsawo, amma ya ƙara haruffan Hausa a wurin shigar. Asiya ta buga sunan da yatsa ɗaya, ordinatar ta buɗe. Nan cikin shagon, da ƙarar janareto da komai, ta kunna muryar.

Ashe na manta yadda muryar ta fara. Kafin ya kira shanun, ana jin Asiya tana cewa, "Baba, hwaɗi sunanka tukuna." Ya yi dariya ya ce, "Ke ba ki san shi ba? Ishaƙu."

Kewarsa ta kama ni. Asiya ta maido muryar baya, muka sake ji.