Yatsun Yayana

Ko an wanke min ƙwaƙwalwa da omo, ba zan manta da abin da bakina ya jawo a lokacin kullen korona ba. Ina Kuala Lumpur, ina fama da karatun digiri na uku da furfurata, mu huɗu a wani gida a unguwar Wangsa Maju. Ba fita sai sayo abinci. Zaman banza ya sa na faɗa kallon bidiyon wasu Turawa masu harbin gasa, waɗanda ke ɗura harsashinsu da kansu. Mutum zai zauna da ɗan sikeli yana auna garin albarushi kamar mai auna zinare, don harbinsa ya zo daidai da na kamfani. Ni kuwa duk inda suka fara dogon gargaɗi sai in tsallake, in je wurin harbin. Cikin mako biyu na naɗa wa kaina sarautar masanin bindiga. Har nakan ce wa abokan zamana da ido rufe zan harbo sauro daga saman bene.

Yayana manomi ne a ƙauyenmu, kuma maharbi. Da tsohuwar adakar mahaifinmu, bindigar ɗuri, yake korar birai daga masararsa. Shi ba ya da sikeli. In ya zuba gari ya tura ƙarfen ɗuri, sai ya gwada abin da ya rage a waje da yatsunsa, yadda Baba ya koya masa.

Wata la'asar ya kira ni, can gida safiya ce. Ya ce kulle ya hana zuwa kasuwa, albarushinsa ya ƙare, birai kuma sun mai da gonar tasu. Amma wani ya ba shi harsasan kamfani.

"Dakta, in na fasa su na juye garin a adaka, zai yi?"

"Haba Yaya! Gari ai gari ne. Ni nan da kake gani, Turawa ma sai sun tambaye ni."

Ya yi dariya. "To, in zuba awona na kullum?"

"Na kullum ɗin. Biran nan har kakanninsu sai sun yi hijira."

Ban san amsar ba, wallahi. Na dai ji kunyar in ce ban sani ba, ni da ake kira Dakta tun kafin in gama.

Kwana biyu bayan nan matarsa ta kira tana kuka. Bindigar ta tarwatse a hannunsa. Sai a ranar na koma na saurari gargaɗin da nake tsallakewa: garin kamfani ya fi namu ƙarfi nesa ba kusa ba, tsohon ƙarfe ba ya ɗaukarsa. Jirgi ba ya tashi, balle in je. Ina zaune a kan tabarmar salla aka gaya min an yanke masa yatsu biyu.

Da ya samu sauƙi na kira, shi ya fara magana.

"Dakta, ƙaddara ce. Amma da ka ce ba ka sani ba, ai da na haƙura na bar wa biran."

Har yau ina zolaya, ina ƙara wa labari gishiri, halina ne. Amma duk tambayar da wani zai ɗora jikinsa a kan amsarta, in ban sani ba, cewa nake ban sani ba. In bakina ya fara ƙaiƙayi, sai in tuna yadda Yaya ke miƙo min hannun nan mu gaisa.